Kurmin Balbela a Tungan Maje

Garki, Abuja
Maris, 2007

Manniru,

"Wallahi Yaya, ba zai wuce bangon ɗakin Zahra ba. Ko uwarta sai ta yi sallama za ta gan shi." Haka ka ce a falona bara da ƙaramar salla, kana riƙe da zanen da na yi maka da hannuna, bakinka cike da dambun naman gidana. Na fara da maganarka ne don kada ka ce ka manta.

Bayan haka, ina gaishe ka. Ina fata kai da Hasana da Zahra kuna lafiya. Mu nan lafiya, ban da gwiwata ta hagu da ba ta shiri da benen makaranta. Maigidana Malam ya koma aiki, hawan jinin ya sauka. Na yi gaisuwar nan ne don haka aka rene mu, ba don ka cancanta ba.

Ranar Talata na shiga ɗakin malamai na tarar da Malama Rakiya mai koyar da lissafi tana juya wata takardar talla mai sheƙi. Ta ce, "Yauwa, mai jogarafi, zo ki duba min wurin nan. Maigida ya dage sai ya kama fili, ni kuma ina tsoron kwari ne, damina ta yi mu kwana a kan tebur." Na karɓa. A sama an rubuta Kurmin Balbela, rukunin gidaje na zamani, Tungan Maje, hanyar Gwagwalada. Na buɗe, sai ga zanena, an shafe shi da kore da shuɗi. Layin Marainiya. Layin Ruwan-Baƙo. Layin Ƙyalƙyala. A ƙasa sunan kamfaninku, da lambar wayarka. Rakiya ta ce, "Lafiya? Kwarin ne?" Na ce mata ban san wurin ba, na tafi aji.

Na kira ka, ba ka ɗauka ba. Gara da ba ka ɗauka ba, don a waya dariya kake yi ka ce layi ba kyau. Takarda ba ta katsewa.

Tunda da alama Legas ta shafe maka abin da Kurmin Balbela yake, bari in tuna maka. Iya Batulu, kakata, yayar kakarka, ita ta ƙirƙiro shi a Zariya, shekarar da ƙyanda ta kwantar da yaran gidan a ɗaki guda, tana neman abin da zai hana su sosa jiki. Ba ta taɓa cewa gaskiya ne ba. Cewa take tatsuniya ce, amma ta gida. Daga nan duk yaron da ya yi famfarar farko sai a kawo shi gabanta, ta kalle shi, ta ba shi bishiyarsa, wadda babu irinta a duniya, ta faɗa masa inda take tsaye a kurmin. In mutum ya rasu, bishiyarsa ta haye rafi. Da za ta bar duniya ta damƙa min kurmin, ba don na fi kowa hankali ba, sai don ni kaɗai ke yi mata gardama kan inda ruwa ke bi. Ban taɓa sa shi a takarda ba sai da ka roƙe ni.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, satar ma ba ku iya ba. Wane ne mai zanenku? Ya taɓa ganin ruwan sama?

Dutsen Kwano yana arewa maso gabas, ba tsakiya ba. Samansa rami ne da ke tara ruwan damina, ruwan kuma yana fita ta wata tsaga a gefensa na yamma, ya zama Rafin Tsaka. Rafin yana gangarawa kudu. A naku zanen ya taso daga fadama yana hawa dutse, har da kibiya kuka sa masa don kada mai kallo ya yi shakka. Ɗalibin aji ɗaya ya kawo min haka, sai ya sake. A tsakiyar tafiyarsa rafin yana nutsewa ƙarƙashin Jan Tudu, a daina ganinsa, sai sanyin ƙasa da layin ciyawa kore ne ke nuna inda yake bi, sannan ya ɓullo a Fadamar Famfara, inda ƙasa take baƙa kuma ake dasa bishiyoyin yara. Ku kun cike wannan giɓin da gada. Kun kuma jera kwakwa a bakin ruwa, da wasu jajayen tsuntsaye masu ƙafa ɗaya, a kurmin da sunansa Balbela.

Rafin ya raba kurmin biyu. Gabas Tudu ne, jar ƙasa mai tsakuwa, wurin bishiyoyin masu rai. Can tawa take, barkonon-sama, doguwa, ba ta da reshe a ƙasa, 'ya'yanta ja masu ƙona harshe, kuma na san dalilin da Iya ta ba ni ita. Can taka take, lallaɓa, mai yaɗo, ba ta da gindin kirki, sai ta jingina da wata ta hau, 'ya'yanta zaƙi kamar zuma. Ka yi tunani a kan wannan. Yamma Ƙetare ne, farin yashi, iska ba ta da ƙarfi, ana shiga ta mashigi ɗaya tak, shi ma sai da rani. Can marainiyar Iya take, mai rassa masu sauka ƙasa su yi saiwa, ƙananan tsirrai su girma a inuwarta. Can kurum ta Baba Sabo take, mai kaurin ganyen da iska ba ta motsawa. Can ruwan-baƙo ta mahaifiyarka take, mai kogo a jiki da ruwan sanyi ba ya ƙarewa a ciki.

Can kuma ƙyalƙyala take, Manniru. Ba ta wuce tsayin mutum ba, ɓawonta toka-toka, furenta rawaya, kwansonta in iska ta taɓa shi sai ka rantse yaro ne ke dariya a bayan ƙofa. Ita ce bishiya ta ƙarshe da Iya ta bayar. Ta Mashkura ce, 'yata, wadda sikila ta ɗauke tana shekara tara. Kai ka riƙe min jakata a asibiti ranar. Ka ɗauko ta daga Ƙetare ka dasa a gabas, kusa da wurin lilon yara, kamar ba abin da ya faru.

Ka janye takardar nan. Ku nemi wani suna. Abuja cike take da rukunin gidaje masu sunayen garuruwan da masu su ba su taɓa zuwa ba, ku ƙara ɗaya.

Yayarka,
Zaituna

Ikeja, Legas
Afrilu, 2007

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. Gwiwar nan ki daina hawa bene da ita, ki ce su dawo miki da ajinki ƙasa, ai ke ba ƙaramar malama ba ce. Hasana tana gaishe ki. Ta yi fama da zazzaɓi amma ta warware. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, aiki ne ya yi min rubdugu.

Yaya, na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin yi gaskiya, na yi alkawari. Amma ki ji yadda abin ya faru. Na kai zanen ofis ne don mai zanenmu ya faɗaɗa min shi yadda zai cika bangon Zahra. Yana kan teburinsa oga ya shigo, Injiniya Zacharias. Mun yi makonni muna neman suna, duk wanda aka kawo sai ya ce na maƙwabta ya fi. Ya ɗauki takardar ya ce, "Wannan na waye?" Aka nuna ni. Ya ce, "Manniru, kana da wannan kake barinmu muna wahala?" A gaban kowa ya ce ni zan riƙe tallan wurin gaba ɗaya. Shekaruna nawa a kamfanin nan ina ɗaukar wa wasu jaka, kin sani. Ban kai masa ba, shi ya gani. Na ce masa to.

Kuma ki duba ta wani gefen. Duk Abuja ba rukunin gidaje mai sunan Hausa irin wannan. Jikokin wasu za su taso suna cewa a Layin Marainiya aka haife su. Ni a ganina Iya ba za ta ƙi ba.

Maganar ƙyalƙyala, wallahi da niyya mai kyau na sa ta kusa da wurin wasan yara. Na ga can ta dace. Da na karanta abin da kika rubuta na ji kunya. Ba ni da hurumin dawo da ita.

Na gode da gyare-gyaren. Na san halinki tun ina yaro: in kika yi faɗa kika yi shiru, to akwai saura, amma in kika yi faɗa kika zauna gyara wa mutum aikinsa, kin huce. Na cire shafin farko na ajiye, na ba mai zane na biyu da na uku. Ya ce bai taɓa samun bayani mai tsabta haka ba. An cire kwakwar, an juya kibiyar, an rushe gadar. Komai zai koma inda kika ce.

Saura matsala ɗaya, kuma kada ki yi dariya. Oga ya ɗauka bishiyoyin na gaske ne, irin na can arewa da bai sani ba. Ban samu fuskar gaya masa ba. Ya ce kowane layi a dasa masa bishiyar sunansa. Ya tura Simon, mai kula da shuke-shukenmu a Abuja, ya nemo su. Simon ya bi masu sayar da fulawa na bakin titi tun daga Apo har Zuba yana tambayar ruwan-baƙo da kurum. Ba wanda ya ce masa babu. Kowa sai ya ce, "Akwai, oga, amma ya ƙare, ka dawo jibi." Wani har ya sayar masa da tukwane ashirin na wani abu ya ce lallaɓa ce. Don Allah ki rubuto min bishiyoyin gaske da suka fi kama da kowacce, ke kika san littattafan nan.

Haƙorin Zahra na ƙasa ya fara motsi. Kullum sai ta tambaye ni wace bishiya Goggo Zaituna za ta ba ta.

Ƙanenki,
Manniru

Garki, Abuja
Afrilu, 2007

Manniru,

Muna lafiya. A gaida Hasana, ta riƙa kwana a gidan sauro.

Ban huce ba. Ka maido shafin farko inda ka cire shi, ka karanta shi da ƙarfi, don shi ne takardar. Sauran biyun ba gyara ba ne, hujja ce. In alƙali ya bayyana wa ɓarawo yadda ya fasa ƙofa ba daidai ba, ba koya masa sana'a yake yi ba.

Na fahimci yadda abin ya faru a ofis, kuma na yarda haka ya faru, don na san ka. Ba ka taɓa ɗaukar abu da hannunka ba. Kullum wani ne ke shigowa ya gani.

Ba zan rubuto maka sunan bishiya ko ɗaya ba. Simon bai yi min komai ba, ina tausayinsa, amma kai za ka gaya wa ogan naka gaskiya, ba ni zan taya ka ƙulla ta ba.

Ga abin da zan iya sassautawa, kuma na kwana biyu ina kokawa da kaina kafin in rubuta shi. In sunan ya riga ya fita, ku riƙe Kurmin Balbela. Ku riƙe dutsen da rafin da fadamar. Ka riƙe lallaɓarka, ka sa ta a babbar ƙofa in kana so. Barkonon-sama ma na ba ka, ina raye, zan iya kare kaina. Amma duk abin da ke Ƙetare ka cire shi. Kada ka mayar da su yamma, kada ka bar su gabas. Ka cire. Waɗannan ba su nan balle a tambaye su.

Zan ba Sale direba wannan, ya ce jibi zai ɗauki kaya zuwa Legas.

Zaituna

Ikeja, Legas
Mayu, 2007

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da gwiwa, da Malam. Mu lafiya lau, sai ruwa da ya fara sauka ba ƙaƙƙautawa.

Ban ji daga gare ki ba tun waccan, na ce to Yaya ta bar ni in ci gaba, don da akwai magana da na ji ta. Na ga kiranki ranar nan muna cikin taro, na ce zan kira, abubuwa suka sha kaina.

Albishir. Ashe filin namu akwai ɗan rafi da ya ratsa shi daga arewa zuwa kudu, kamar dai Rafin Tsaka. Da mai zane ya ɗora bayaninki a kan taswirar filin, sai komai ya zauna kamar an auna. Gidaje duka suna gabas, kan tudu, sun ɗauki sunayen gabas. Yamma babu gidaje, ɓangaren hidimar rukunin ne, ba hayaniyar mutane, sai muka ba shi sunayen Ƙetare kamar yadda kika tsara. Ban samu zuwa na gani da idona ba, amma an ce allunan sun yi kyau, kore da fari, an kafa su makon jiya.

Za a buɗe wurin ranar Asabar ta ƙarshen wata, da safe. Ga katinki a ciki, na sa an rubuta miki kujerar gaba. Oga yana son ya gaisa da ke. Na ce masa ke ce masaniyar bishiyoyin.

Haƙorin ya fita! A cikin burodi ya maƙale. Za mu zo da ita, mu haɗa biyu.

Ƙanenki,
Manniru

Garki, Abuja
Mayu, 2007

Manniru,

Muna lafiya. Gwiwar ta kumbura, za ka ji dalili. Ka gaida Hasana. Ka ce wa Zahra na ji labarin burodi, barka.

Da takardarka ta zo na gane tawa ba ta isa ba. Na nemi Sale, na same shi a Apo, zaune a kan taya yana cin gyaɗa, motarsa a buɗe an sauke mata giya. Tun ranar da na ba shi saƙon motar ba ta bar garejin ba. Takardar tana nan a gaban mota, rana ta gasa ta. Ya ce, "Hajiya, wallahi kullum cewa suke gobe." Ban yi masa faɗa ba. Ga ta nan na haɗo maka, ka karanta ta bayan wannan, ka ga abin da na yarda in bari. Har yanzu ina kan bakana.

Jiya bayan an tashi makaranta na hau mota zuwa Zuba, na ɗauki ɗan acaɓa zuwa Tungan Maje. Tunda kai ba ka samu zuwa ba, bari in gaya maka abin da kake sayarwa.

Wurin ba kwari ba ne, wannan zan gaya wa Rakiya. Tudu ne mai jar ƙasa, kuma da akwai bishiyoyi a kai, na ga kututturan ɗorawa da kaɗanya an tara su a bakin shinge. Maigadin wani dattijo ne ɗan wajen Katsina. Na nuna masa katinka ya bar ni na shiga. Na bi gabas tukuna. Na ga Layin Barkonon-Sama, an dasa masa wata fulawa mai laushi da ko akuya ba za ta ji tsoro ba. Na ga Layin Lallaɓa da tukwanen nan ashirin. Dankali ne, Manniru. Dankalin Hausa.

Can na haɗu da Simon, da hular kwano da tiyo a hannu, mutumin kirki, duk ya rame. Da ya ji ni ce, ya yar da tiyon ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mama, kai ne? Don Allah ka taimake ni. Wannan ƙyalƙyala, ina yake fitowa? Na je Suleja, na je Kaduna, wani mutum ya ce sai Nijar. Oga ya ce in ba ta zo Asabar ba, ni da shi ne." Na ce, "Kai ni inda za a dasa ta."

Ɗan rafin naku an zuba masa siminti ya zama magudana. Muka haye ta kan wani katako, nan na murɗe gwiwa. Ƙetaren kuwa ga abin da ke ciki. Tankin ruwa a kan ƙarfe, an kafa masa allo, Ruwan-Baƙo. Na san za ka ce wannan ya dace, kada ka ce. Gidan janareta, ana gwada shi lokacin, sai da muka riƙa ihu kafin mu ji juna, allonsa Kurum. Baba Sabo, wanda za a wuni da shi bai yi magana goma ba. Babban ramin da bahayan gidajen duka za su riƙa zubowa, an rufe shi da kankare da bututu a sama, Marainiya.

A ƙarshe, jikin katanga, wani fili da aka kewaye da bulo, an bar masa ƙofa mai faɗin mota. Ba a buɗe wurin ba tukuna amma leburori sun riga sun fara amfani da shi: ledojin ruwa, gwangwanaye, buhunan siminti, ƙudaje. Na ce, "Nan mene ne?" Simon ya ce, "Nan bola ne, Mama. Motar shara zai riƙa zuwa sau biyu a sati." Allon yana bakin ƙofar, sabo fil, an ɗaure shi da noti huɗu.

Ban faɗi ba, ban yi kuka a gabansa ba. Na tsaya na karanta shi kamar yadda nake karanta allon aji. An rubuta Ƙyalƙyala daidai, har da ƙugiyoyin baƙaƙen.

Simon ya ce, "Mama, lafiya?" Na ce, "Ka daina nema. Ba ta Suleja, ba ta Nijar. 'Yata ce." Bai gane ba, sai da na yi masa bayani a taƙaice. Ya cire hularsa ya tsaya. Daga baya ya ce, "To me ya sa ba wanda ya gaya min?" Na ce ya tambaye ka.

Na san da bayanina aka kai ta can. Ni na ce yamma, ni na ce Ƙetare, kuka bi layi layi. Mai zanenku bai yi kuskure ko ɗaya ba wannan karon. Na zauna a motar dawowa ina tunanin da na iya ganin ruwa yana hawa dutse na yi shiru, da yanzu tana kusa da lilo. Amma ban aiko maka da takarda don ka yage kanta ka miƙa wa baƙo gangar jikin ba. Kuma mutumin da ke da lambar wayarsa a kan talla ya kamata ya taka ƙafa ya ga abin da yake kafa wa suna.

Maganar Zahra daban ce, kada ka haɗa. Yarinya ba ta yi min komai ba. Na riga na ga bishiyarta, na san inda za ta tsaya a fadama. Ku kawo ta gidana, in zaunar da ita a gabana in faɗa mata a kunne kamar yadda Iya ta yi mana. Ba zan rubuta ba, ba zan zana ba, kuma kai za ka jira a waje.

Ba zan zauna a kujerar gaba a matsayin masaniyar bishiyoyi ba.

Yanzu ka ji. Alluna huɗu ne: Marainiya, Kurum, Ruwan-Baƙo, Ƙyalƙyala. Ina so a sauke su, a cire sunayen daga duk takardar da za a raba wa baƙi. Yadda za ka gaya wa Injiniya Zacharias ya rage naka. Kana iya cewa an yi kuskure, kana iya faɗin gaskiya, wadda ta fi sauƙin riƙewa. Ka kuma cire Simon daga bakinsa, ba laifinsa ba ne da bai samo abin da babu ba. Na ba ka zuwa Juma'ar jajibirin buɗewar. Ana saukowa daga masallaci zan kira maigadin, na karɓi lambarsa, in tambaye shi abu ɗaya: allunan suna tsaye ko ba sa tsaye.

In suna tsaye, Asabar da safe zan zo. Zan sa atamfata mai kyau, in shigo ta babbar ƙofa da katin da ka aiko min. Sale ya yarda zai raka ni, ya aro min sifana mai lambar notin, na gwada ta a hannuna. Ba zan jira a watse ba. Lokacin da baƙi suka zauna a rumfa aka fara jawabi, zan haye katakon nan da gwiwata, in kwance su ɗaya bayan ɗaya, in fara da na bola. In ɗauko su in ratsa ta gaban rumfar. Duk wanda ya tambaye ni, ogan naka ne ko ɗan sanda ko mai son sayen fili, zan tsaya in gaya masa sunan mai kowace bishiya, da shekarar da ya rasu, da abin da aka kafa sunansa a kai.

Na san abin da wannan zai iya yi wa aikinka. Na auna shi, ban ji daɗinsa ba, kuma bai canza komai ba. Shi ya sa na ba ka Juma'a.

Wannan takardar ba zan ba Sale ita ba. Zan kai ta tashar mota da kaina, in sa direban ya rantse zai miƙa maka hannu da hannu. Shafi uku ce. Ka karanta duka.

Yayarka,
Zaituna